JAWABI A KAN RUBUTA SUNAYEN GARURUWANMU CIKIN TARIHIN IYALI

 

 An roƙe ni in yi magana a kan yadda ya kamata mu riƙa rubuta sunayen garuruwa da unguwanni a cikin tarihin iyalanmu, tun da yake gwamnati takan canza iyakoki daga lokaci zuwa lokaci.

GABATARWA

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Ranar cika shekara 50 rana ce ta waiwaye, shi ya sa gidaje da yawa suka soma tambayar tsofaffi, suna rubuta sunayen kakanni da wuraren da suka fito. Wannan aiki ne mai kyau ƙwarai. Idan mun duba Littafin Firistoci sura 25, inda muka samo kalmar jubili, za mu ga cewa a shekara ta hamsin kowane mutum zai koma ga danginsa da gonar gadonsa. Mutum kuwa ba zai iya komawa inda bai san sunansa ba.

A tsakiyar shekarun 1970, sa'ad da iyayenmu suka kafa wannan ikkilisiya, babu Jihar Jigawa, babu Jihar Katsina, ƙananan hukumomi da yawa da muke ambata yau ba a ma yi mafarkinsu ba. Saboda haka wanda ya ɗauki alƙalami zai rubuta inda aka haifi kakansa, tambaya tana jiransa: wane suna zai sa, na da ko na yanzu? Amsar da nake so mu tafi gida da ita ita ce: a rubuta sunan da wurin yake ɗauke da shi a ranar da abin ya faru, sa'an nan a ƙara sunan yau a gefensa tare da shekarar da aka yi rubutun. Kada ɗaya ya kori ɗaya. Sauran jawabina bayani ne a kan dalilin haka da kuma yadda za a yi shi.

YADDA IYAKOKINMU SUKA YI TA CANZAWA

Kafin zuwan Turawa, garuruwan ƙasar Kano suna bin hakimai waɗanda yawancinsu a birni suke zaune. Garuruwan hakimi ɗaya ba lalle su kasance a haɗe wuri ɗaya ba, jakadu ne suke kai da kawowa tsakaninsu. Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Cikin 'yan shekaru kaɗan suka tattara garuruwa suka mai da su gundumomi, suka sa kowane hakimi ya fita ya zauna a cikin gundumarsa. Sama da gunduma akwai En'e, sama da En'e kuma akwai Lardi, wanda Razdan yake riƙe da shi. Lardin Kano ya ƙunshi masarautun Kano, Kazaure, Gumel da Haɗeja. Da farko har Katsina da Daura suna ciki, daga baya aka fitar da su, a 1934 kuma aka kafa Lardin Katsina.

Dukan lardunan nan suna ƙarƙashin abin da iyayenmu suke kira Jihar Arewa, mai hedkwata a Kaduna. A lura da wannan da kyau. Idan tsoho ya ce jiha yana maganar zamanin Sardauna, Arewa gaba ɗayanta yake nufi.

Ran 27 ga Mayu 1967 gwamnatin Yakubu Gowon ta raba ƙasar nan jihohi 12. Lardin Kano ya zama Jihar Kano, Audu Bako ya zama gwamnanta na farko. Lardunan Katsina da Zariya aka haɗa su aka kira su Jihar Arewa ta Tsakiya. A 1976 sunanta ya koma Jihar Kaduna, a 1987 kuma aka cire Jihar Katsina daga cikinta. Iyayenmu mata da aka auro daga ƙasar Matazu ko Malumfashi sun ga garinsu ya sha suna huɗu a zamaninsu: Lardin Katsina, Jihar Arewa ta Tsakiya, Jihar Kaduna, Jihar Katsina.

A 1976 aka yi wa mulkin karkara sabon tsari a ƙasa baki ɗaya. En'e ta kau, aka kafa ƙananan hukumomi 301, Jihar Kano ta sami 20 daga cikinsu. A zamanin farar hula na 1979 zuwa 1983 jihohi da dama sun ƙirƙiro ƙarin ƙananan hukumomi, sojoji suka soke su a 1984. Wato akwai takardun da suke ɗauke da sunan hukumar da ba ta yi shekara biyar a duniya ba.

Ran 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga Kano, da hedkwata a Dutse. 'Yan'uwanmu na Kazaure, Roni, Gwiwa, 'Yankwashi, Babura, Ringim, Gumel da Haɗeja suka kwana Kanawa suka tashi 'yan Jigawa. Mutanen Babura ma har masarauta suka canza, gama da suna bin Sarkin Kano, daga baya suka koma ƙarƙashin sabuwar Masarautar Ringim. Zuwa 1996 ƙananan hukumomin ƙasar nan sun kai 774, Kano tana da 44, Jigawa 27. A tsakanin 1976 da 1996 ne Makoda ta fita daga Dambatta, Tofa da Rimin Gado suka fita daga Dawakin Tofa, Gabasawa ta fita daga Gezawa, Roni kuma ta fita daga Kazaure.

Abin bai tsaya a nan ba. A 2019 aka ƙirƙiro sababbin masarautu a Bichi, Rano, Gaya da Karaye, garuruwa irin su Bagwai da Tsanyawa suka koma bin Bichi. A 2024 Majalisar Dokokin Jihar Kano ta soke wannan doka. A 2023 kuma aka gyara tsarin mulkin ƙasa aka canza sunan Ƙaramar Hukumar Kunchi ta zama Ghari. Yaran da suke zaune a Makarantar Lahadi yau ma sun riga sun ga canji a zamaninsu, kuma babu wanda zai ce an gama.

MISALIN GIDA ƊAYA

Bari mu ɗauki misalin gida ɗaya a wata unguwa kusa da Roni, garin da da yawa daga cikin dattawanmu suka sani saboda tashar mishan da makarantar da SIM ta yi a can. A ce an haifi kaka a 1955, ɗansa a 1978, jikansa a 2001, dukansu a gida ɗaya, an binne cibiyarsu a bayan ɗaki ɗaya.

Kaka an haife shi a Gundumar Roni, En'e ta Kazaure, Lardin Kano, Jihar Arewa.

Ɗa an haife shi a Ƙaramar Hukumar Kazaure, Jihar Kano.

Jika an haife shi a Ƙaramar Hukumar Roni, Jihar Jigawa.

Idan jikan nan ya rubuta cewa an haifi kakansa a Jihar Jigawa a 1955, ya rubuta abin da bai taɓa faruwa ba, domin a shekarar babu wata Jigawa a taswira. Wanda zai je neman takardun zamanin da wannan suna zai dawo hannu wofi. Idan kuma ya rubuta Kano kaɗai ga kaka, ya rubuta Jigawa ga kansa, bai yi wani bayani ba, to, nan da shekara 50 jikokinsa za su karanta su ce ashe mutanenmu daga Kano suka yi ƙaura zuwa Jigawa. Sun ƙirƙiro tafiyar da ba wanda ya yi. Gidan yana inda yake, kukar ƙofar gida tana nan, iyaka ce ta bi ta kansu ta wuce.

ABIN DA ZA MU RASA IDAN MUKA YI SAKACI

Wataƙila wani zai ce wannan aikin malaman tarihi ne, manomi ina ruwansa. Bari in nuna wurare huɗu da abin yake taɓa kowane gida.

Na farko, takardar shaidar asali. Yaro yana neman gurbin karatu, ko tallafin karatu, ko aikin gwamnati, ko shiga soja ko ɗan sanda, sai an tambaye shi takardar da ta nuna shi ɗan asalin wace ƙaramar hukuma ne. Hanyar samunta takan bi ta mai unguwa da dagaci da hakimi kafin ta kai sakatariya. Yaranmu da yawa an haife su a Kano, Kaduna, Jos, Abuja ko Legas. Abin da suka sani shi ne abin da yake rubuce a tsohuwar takardar mahaifinsu. Takardar ta ce Dambatta, alhali unguwar kakansu yau tana cikin Makoda. Yaro ya je Dambatta ba a san gidansu ba, bai kuma san sunan dagacin da zai ambata ba. Mun kuma sani cewa Bahaushe mai suna Bulus ko Rifkatu yakan sha tambaya a wurare da yawa, ana ce masa daga wace jiha ka zo. Amsar da ta fi kowace ƙarfi ita ce yaro ya iya jera sunan gidansu, da unguwarsu, da dagacinsu, da kakanni uku ko huɗu da suka noma wannan ƙasa. Kakanninmu a nan bishara ta same su, bai kamata rashin rubutu ya mai da jikokinsu baƙi ba.

Na biyu, gona da gado. A wannan yanki namu gona tana manne da gona, gida yana hango gida, babu dajin da mutum zai shiga ya sara yadda ya ga dama. Kowane taki yana da mai shi, iyaka kuwa sau da yawa layin gamba ne ko wata ɗorawa. Ana gado, ana saye, ana jingina, ana aro. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallakar filayen karkara bisa al'ada. Idan takardar cinikin gona ta ambaci hukumar da ta rabu, ko unguwar da ta canza suna, shaidu kuma sun rasu, marayu ne suke shan wahala. Mun ga zumunci ya lalace a kan abin da layi biyu na rubutu za su iya kashewa.

Na uku, sunaye masu kama da juna. Sabon Gari nawa muke da su a ƙasar Hausa? Tudun Wada ƙaramar hukuma ce a kudancin Kano, unguwa ce kuma a birnin Kano, da Zariya, da Kaduna, da Jos. Akwai Dawakin Tofa akwai Dawakin Kudu. Akwai Dutse ta Jigawa, akwai Dutsi da Dutsin-Ma a Jihar Katsina. Wanda ya rubuta Unguwar Rimi ko Gidan Sarkin Noma ya tsaya a nan, ya bar wa jikokinsa wasa ƙwaƙwalwa.

Na huɗu, wuraren da suka ɓace. Gidajen kakanninmu manya ne, kuma da sunan maigida ake kiransu. Maigida ya rasu, bayan 'yan shekaru sunan ɗansa ya maye gurbin nasa. Wata unguwa ta tashi saboda rashin ruwa ko saboda sabon titi, ta bar kufai. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ta tashi garuruwa aka sake musu mazauni. A nan arewa ma muna da madatsar Watari a ƙasar Bagwai da ta Tomas a ƙasar Dambatta. Duk iyalin da ruwa ya ci gonarsu ko kufansu, sunan wurin yana bakin tsofaffi kaɗai. Ranar da tsohon ƙarshe ya kwanta dama, kabarin kakanmu ma ba za mu iya nunawa ba.

YADDA LITTAFI MAI TSARKI YA RUBUTA SUNAYEN WURARE

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. Waɗanda suka rubuta Littafi Mai Tsarki sun gamu da ita, sun kuma bar mana gurbi.

A Farawa 28:19, inda Yakubu ya sa wa wuri suna Betel, marubucin ya ƙara da cewa sunan garin a da Luz ne. A Farawa 23:2, wajen ba da labarin rasuwar Saratu, an ambaci Kiriyat-arba aka kuma bayyana cewa ita ce Hebron. A Littafin Mahukunta 18:29 an faɗi cewa garin Dan a da Layish ake kiransa. Kun ga tsohon suna da sabo suna tafiya tare.

Wajen sunaye masu kama da juna kuma, Matiyu ya bayyana cewa Baitalami ta Yahudiya ce aka haifi Yesu a cikinta, gama akwai wata Baitalami a yankin Zabaluna, wadda aka ambata a Joshuwa 19:15. Luka kuwa, a farkon sura 3, da zai faɗi lokacin da Yahaya Mai Baftisma ya soma wa'azi, sai ya kawo shekarar sarautar Kaisar Tibariyas, ya faɗi wanda yake mulkin Yahudiya, da wanda yake mulkin Galili, da manyan firistoci na lokacin. Ya rubuta ƙasar yadda take a rabe a wannan shekara, shi ya sa har yau masana suke iya lissafa lokacin.

Akwai kuma gargaɗi a Ezra 2:59-62. Cikin waɗanda suka komo daga bauta a Babila, akwai mutanen da suka iya faɗin garuruwan da suka taso, amma suka kasa nuna gidan kakanninsu. Wasu daga zuriyar firistoci suka nemi sunansu a littafin asali ba su samu ba, aka hana su aikin firist. Zaman baƙunci na shekaru kaɗan ya isa ya raba iyali da asalinsa idan babu rubutu.

ƘA'IDOJIN DA ZA MU BI

1. A fara daga ƙasa a hau sama. A rubuta sunan gida, da unguwa, da garin dagaci, da gundumar hakimi, kafin a zo ga ƙaramar hukuma da jiha. Na sama ne suka fi saurin canzawa da alƙalamin gwamnati. Garin dagaci yakan daɗe.

2. A rubuta sunan hukuma yadda yake a ranar da abin ya faru, ko haihuwa ce, ko baftisma, ko aure, ko rasuwa. Bayan haka a ƙara inda wurin yake a yanzu, a kuma sa shekarar da ake rubutun. Kalmar "yanzu" ba ta da amfani ga mai karatu na gaba in ba a gaya masa wace shekara ce ba. Misali: an haife ta a 1978 a gidan wane, unguwa kaza, ƙasar dagacin gari kaza, Ƙaramar Hukumar Dambatta, Jihar Kano, a shekarar da aka yi wannan rubutu, wato shekara kaza, wurin yana cikin Ƙaramar Hukumar Makoda.

3. Kada a kankare, kada a shafe, kada a yage shafi. Idan an ga tsohon katin baftisma ya ce Lardin Kano ko Jihar Kaduna, daidai ne a zamaninsa. A bar shi yadda yake, a yi ƙarin bayani a gefe ko a wata takarda dabam, mai ƙarin ya sa sunansa da kwanan wata. Takardar da aka kankare ta rasa darajarta a gaban hukuma da gaban alƙali.

4. A kwafi suna da harufan da aka rubuta shi a takarda, sa'an nan a rubuta yadda mutanen wurin suke faɗinsa. Za ku ga Dambatta a wata takarda, Danbatta a wata. Turawa sun rubuta Bichi da Kunchi da harufa biyu inda ƙa'idar rubutun Hausa take sa harafi ɗaya, a tsofaffin takardunsu ma akan ga Katsena maimakon Katsina. Yawancin takardun ofis ba sa sa lanƙwasa a kan ɓ da ɗ da ƙ. Mu sa ta a namu, domin jikan da ya girma a Legas ya iya kiran sunan garinsu daidai.

5. A haɗa da alamar da ba ta bin dokar gwamnati: dutse, kogi, tsohuwar rijiya, kasuwar da mutanen wurin suke ci da ranar da take ci, da babban garin da ya fi kusa, ko gabas ko yamma. Wanda ya ce unguwarsu tana arewa da Kogin Watari ko a bakin Kogin Gari ya faɗi abin da zai tsaya ko an raba jiha sau goma. Matasa masu waya suna iya tsayawa a ƙofar gida, ko a kufai, ko a makabarta, su ɗauko lambobin taswira na wurin su rubuta a littafi.

6. A yi ƙoƙari a gano shekara, domin sunan hukuma ya dogara ga shekara. Idan tsoho bai san shekarar haihuwarsa ba, a tambaye shi zamanin wane sarki ne, ko me ya faru. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014. Sarauniyar Ingila ta zo a 1956. An sami mulkin kai a 1960. Yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 ne. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973, a shekarar ne kuma aka sha babban fari. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Idan shekarar ƙiyasi ce, a rubuta "wajen" a gabanta.

7. Kada a manta da wajen uwa. Maza sukan zauna a gidan gado, mata ne suke tashi daga gari zuwa gari, sau da yawa har su tsallake iyaka. A rubuta sunan yanka na uwa, da sunan mahaifinta, da unguwar da aka auro ta. Mun san iyayenmu mata suna alkunyar sunan miji da na ɗan fari, saboda haka abin da uwa ba za ta faɗa ba a tambayi ƙanwarta ko kishiyar ɗakinta ta da, ko wata tsohuwa a Zumuntar Mata.

8. A bambanta inda aka haifi mutum, da inda asalinsa yake, da inda ya zauna. 'Ya'yan masu bishara da malaman makaranta sun fi kowa bukatar wannan, gama iyayensu sun yi ta yawo da aiki. An haifi wani a Tofa lokacin da mahaifinsa yake makarantar Littafi Mai Tsarki, asalinsu kuwa wani gari ne dabam.

9. A rubuta wanda ya ba da labari, da ranar da ya bayar, ko takardar da aka gani. Idan tsofaffi biyu sun saɓa, a rubuta maganar kowannensu da sunansa. Mai zuwa a baya yana iya samun abin da zai raba gardamar.

INDA ZA A NEMI TSOFAFFIN TAKARDU

A fara da gida. A buɗe akwatin ƙarfe da adakar tsohuwa. Rasit na haraji daga kafin 1979, katin asibiti, katin baftisma, takardar aure, takardar gama firamare, da shafin farko na Littafi Mai Tsarki na iyali, inda iyayenmu sukan rubuta ranakun haihuwa, duka shaidu ne. Dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa ta ƙasa baki ɗaya ta 1992 ce, saboda haka ga yawancin waɗanda suka girmi wannan shekara a karkara, littafin ikkilisiya ne shaida mafi tsufa.

Wanda yake so ya zurfafa, akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa. Takardun zamanin Turawa an jera su da sunan lardi da gunduma. Mutumin Roni ko Babura zai nemi nasa a ƙarƙashin Lardin Kano. Wannan kaɗai ya isa ya nuna amfanin riƙe tsohon suna.

AIKIN DA YA RATAYA A WUYAN IKKILISIYA

Ikkilisiyoyi ma suna da nasu iyakoki, su ma suna canzawa. An kafa ECWA a 1954 daga ikkilisiyoyin da aikin SIM ya haifa, daga baya fassarar sunan ta canza ko da yake harufan suna nan, gundumominta kuma sun yi ta rabuwa yayin da aiki yake ƙaruwa. 'Yan'uwanmu na Angilikan a Kano suna ƙarƙashin Kaduna har zuwa 1980. Na Katolika ma daga Kaduna aka cire su a 1991, suka zama cikakkiyar dayosis a 1999. Saboda haka wanda ya zo mana da katin baftisma daga wani wuri, a rubuta sunan majami'ar da gundumarta yadda suke a katin.

Ina roƙon Dattawa da Sakataren Ikkilisiya su duba waɗannan shawarwari. A fito da tsofaffin littattafan rajista na baftisma, da aure, da miƙa yara, da jana'iza, a ga halin da suke ciki, gama gara da ɗigar ruwa ba su san jubili ba. A ɗauki hoton kowane shafi, a kuma kwafe su da hannu a sabon littafi, a ajiye kwafi ɗaya a wani wuri dabam da majami'a. A kiyaye sirrin mutane, kada a watsa takardun kowa a waya ba da izininsa ba. A sabon littafin rajista a buɗe gurbi na unguwa, da garin dagaci, da gunduma, da ƙaramar hukuma, da garin uwa. A raba matasa biyu biyu su ziyarci kowane tsoho da tsohuwa da suka haura shekara 70 kafin damina mai zuwa, da littafi da alƙalami, su zauna a ƙasa su saurara. Wannan aiki ba ya jira, gama kowace shekara muna raka waɗansu daga cikinsu makabarta.

Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda da yawansu kakanninmu ɗaya da su, suna riƙe da wani sashe na labarin da mu ba mu da shi. Dagatai da masu unguwanni ma sun san gidaje da gonaki tun daga iyayensu. Mu je musu da ladabi mu tambaya. Ziyarar kanta za ta ƙara danƙon zumunci.

KAMMALAWA

'Yan'uwa ƙaunatattu, iyayen da suka kafa wannan ikkilisiya yawancinsu a ajin yaƙi da jahilci ko a gindin mai bishara suka koyi karatu, duk da haka sun bar mana sunaye a rubuce. Mu da muka sami makaranta fiye da su ba mu da hujjar barin 'ya'yanmu cikin duhu. Ina roƙon kowane maigida da kowace uwargida, kafin wannan shekara ta jubili ta ƙare, a sayi littafi mai bango mai ƙarfi, a rubuta kakanni aƙalla uku ta wajen uba da ta wajen uwa, kowanne da garinsa, da sunan da da sunan yanzu, da shekarar da aka rubuta. A karanta wa yara, a ba wanda yake birni kwafinsa.

Waɗanda za su yi bikin cika shekara 100 na wannan ikkilisiya, wataƙila a wata sabuwar ƙaramar hukuma ko sabuwar jiha za su yi shi. Allah ya sa su buɗe littattafanmu su gane gidajensu.

 Ubangiji ya albarkaci ikkilisiyarsa, ya ba ƙasarmu salama, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.